Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske "ji" da "biyayya" kalma ɗaya ce a Ibrananci?

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan ta rubuto cewa fastonsu ya yi wa'azi a kan Maimaitawar Shari'a 6:4, ya ce kalmar "shema" da ta buɗe ayar tana nufin ji, tana kuma nufin biyayya. Tana tambaya ko haka ne, kuma ko Littafi Mai Tsarki na Hausa ya rage mana wani abu.

Madalla da wannan tambaya, 'yar'uwa. Fastonku bai yi kuskure ba. Ibrananci, wato harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, yana amfani da "shema" wajen ji da kunne, da fahimta, da kuma aikata abin da aka ji. Ki kwantar da hankalinki, mu Hausawa ba mu yi asarar komai ba a nan. In uwa ta ce ɗanta ba ya jin magana, ai ba kurma take nufi ba. Haka in aka tambaye ki ko kina jin Hausa, fahimta ake nufi, kuma da wannan ma'anar kalmar ta zo a Farawa 11:7, inda maginan hasumiyar Babila suka kasa jin harshen juna.

Inda na fi so ki tsaya shi ne 1 Sama'ila 15. An umarci Sarki Saul ya hallaka Amalekawa da dukan dukiyarsu, sai ya ware tumaki da shanu masu kyau, ya bar sarkinsu Agag da rai. Da annabi Sama'ila ya iso, Saul ya tarbe shi da cewa ya cika umarni. Annabin ya tambaye shi, to kukan tumakin nan da yake ji fa? Saul ya dage cewa ya ji maganar Ubangiji, ya ce dabbobin na hadaya ne. A aya ta 22 aka gaya masa jin magana ya fi hadaya. Kalmar nan ɗaya ce ke ta yawo a cikin hirar tasu. Saul ya ji da kunne, amma garken da ke kuka a bayansa ya tona abin da ke zuciyarsa. Shi ya sa roƙon Sulemanu a 1 Sarakuna 3:9 yake taɓa ni ƙwarai: a Ibrananci, zuciya mai ji ya roƙa.

Sai dai a yi hattara. Ba ko'ina kalmar take nufin biyayya ba. A Farawa 3:8 Adamu da Hauwa'u sun ji motsin Allah a gonar, suka ɓuya. Wannan jin kunne ne kawai. Ayoyin da ke kewaye da kalma su ke nuna ma'anarta, don haka ba sai kin iya Ibrananci za ki amfana ba.

Kafin taron zumuntar mata na gaba, ki karanta surar Saul ɗin nan daga farko har ƙarshe, ki ja layi a duk inda aka ambaci ji ko biyayya. In wani abu ya shige miki duhu, ki sake rubuto mana.