Agogon Da Ke Gane Fargaba

Ran da za mu yi jarrabawar lissafi a zangon da ya wuce, na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna, na ƙirga bugun zuciyata. Da asuba a ɗakin kwana 72 na samu a minti guda. A bakin ƙofar aji kuwa sai da ya kai 98, alhali ko gudu ban yi ba. Da na gaya wa malaminmu na kimiyya, sai ya ce ai akwai agogon hannu mai yin wannan ƙirga, har ya gane mai shi yana cikin damuwa.

Ga yadda abin yake. A bayan agogon akwai 'yar fitila mai koren haske. Jini yana shanye koren haske, saboda haka duk sa'ad da zuciya ta turo jini, hasken da ke komowa yakan ragu. Da haka ake ƙirga bugun. Amma ba sauri kaɗai ake dubawa ba. Ashe zuciyar mai kwanciyar hankali ba ta tafiya daidai wa daida, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu takan ɗan ƙaru, ta ɗan ragu. In tsoro ya zo, sai tazarar ta kusa zama ɗaya, kamar takun soja a fareti.

To, yaya na'ura ta san wannan? Koya mata ake yi da misalai. A wani bincike da aka wallafa a 2018, waɗansu masana a Jamus sun ɗaura wa mutum 15 na'urori a ƙirji da hannu. Suka sa su yin jawabi a gaban alƙalai, sa'an nan su ƙirga daga 2023 suna ɗebe 17, wanda ya kuskure ya koma farko. Ni kam da tun ɗiba na biyu zan sare! Aka ba kwamfuta abin da aka auna, har da na numfashi da gumi, aka nuna mata lokacin damuwa da lokacin hutu, har ta gano bambancin da kanta. Da aka jarraba ta, ta ci wajen 93 cikin 100.

Duk da haka ina da ja. Mutum 15 ko rabin ajinmu ba su kai ba. Gudu, da zazzaɓi, da cin goro, duk suna ƙara bugun zuciya, suna iya rikita na'urar. Kuma ko ta gane ina cikin damuwa, ba za ta san ko lissafi ne ya dame ni ba, ko kuwa wasiƙar da aka aiko daga gida cewa innata ba ta da lafiya.