Duwatsun Tunawa

Karatu: Joshuwa sura 4, 1 Sama'ila sura 7.

Hausawa sukan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma Littafi Mai-Tsarki ya koya mana wani irin tunani dabam, wanda yake ƙarfafa zuciya a ranar wahala, watau tunawa da ayyukan ceto na Ubangiji.

Mutum mai saurin mantuwa ne. Allah ya raba Jan Teku a gaban Isra'ilawa, amma kwana uku kaɗai bayan wannan, da suka iske ruwa mai ɗaci a Mara, sai suka soma yi wa Musa gunaguni. Domin wannan Allah ya ba su alamu.

Na fari, duwatsun Gilgal. Bayan shekara 40 a jeji, jama'a suka iso Urdun a lokacin kaka, kogin kuwa ya cika har ya yi ambaliya. Da firistoci masu ɗauke da akwatin alkawari suka sa ƙafa a ruwa, sai ruwan ya yanke, kowa ya ƙetare a kan sandararriyar ƙasa. Joshuwa ya sa mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, su ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin, aka kafa su a Gilgal, domin ran da yara suka tambayi ma'anarsu iyaye su ba su labari. Littafin Mahukunta sura 2 ya nuna abin da ya faru sa'anda wata tsara ta taso ba ta san labarin ba: suka juya ga bautar Ba'al.

Na biyu, dutsen Sama'ila. Filistiyawa sun taɓa kashe sojan Isra'ila 30,000, suka kwace akwatin alkawari. Bayan shekaru, jama'a suka zubar da gumakansu, suka taru a Mizfa da azumi. Abokan gāba suka sāke tasowa, amma Ubangiji ya rikitar da su da tsawa mai ƙarfi. Sama'ila ya kafa dutse, ya kira shi Ebenezer, watau dutsen taimako. A lura, tuba ce ta fara zuwa, kāna ceto ya biyo.

Ya ku 'yan'uwa, ga inda darasin ya same mu. Sa'anda ruwan sama ya ɗauke, gero yana bushewa a gona, ko yaro ya kwanta ciwo, Shaiɗan yakan raɗa mana cewa Allah ya yashe mu, mu nemi boka ko laya. Wanda ya manta da jiya shi ne yakan yarda. Dauda kuwa da ya tsaya gaban Goliyat, zaki da beyar da Allah ya cece shi daga gare su ya tuna, tsoro bai kama shi ba. Mu ma muna da abin da ya fi na Gilgal: gicciyen Yesu Kristi da kabarin da ba kowa a ciki. Jibin Ubangiji shi ne dutsen tunawarmu.

Tambayoyi domin bincike:
1. Don me Allah ya umurta a ɗauko duwatsu 12?
2. Me jama'a suka yi a Mizfa kafin ceto ya zo?
3. Wane aikin Ubangiji za ka faɗa wa 'ya'yanka a daren yau?