Ƙurar da ke Bin Mutum Gida

'Ya'yana samarin Sunke, ina ganin fitarku da sassafe. Wasu da diga da shebur sun nufi ramin zinare, wasu a bayan babur sun yi Anka ko Gummi, inda ake zuba kwalbati da gyaran hanya. Allah ya yi muku albarka, halali kuka fita nema. Sai dai ku ba ni aron kunnuwanku, don akwai abin da idona ya gani lokacin da yawancinku kuna wasan ƙasa.

A 2010 ne. Zinare ya yi tsada, aka riƙa kwaso duwatsu daga daji ana shigo da su gida. Maza su farfasa da guduma, a kai injin da ke niƙa mana dawa, mata su daka a turmin surfe, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Yara suka fara amai da jijjiga, wasu suka ce zazzaɓi ne, wasu suka ce iska. Har yau ina tuna wata uwa zaune a gindin turmi, ɗanta a cinya yana sanƙarewa, ita kuma zaninta fari fat da ƙurar da ke kashe shi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka auna jini aka gane. Kimanin yara 400 muka binne a ƙasar Anka da Bukkuyum, daga Dareta da Abare da 'Yargalma har nan garinmu. Ƙasar tsakar gidajenmu ma sai da aka kankare ta, aka kwashe, aka zubo sabuwa. Bagega ba ta samu wannan gyara ba sai 2013. Bayan shekara biyu irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ku da ke aikin hanya kada ku ce wannan labarin 'yan haƙo ne. Garin siminti da ƙurar dutsen da aka fasa su ma huhu suke ci a hankali, ɗanyen kankare kuma yana cinye fatar hannu da ƙafa. Na ga yaro ya dawo daga zubin kwalbati da silifas, tsakanin yatsunsa duk ya tsattsage, ya kasa taka ƙasa kwana biyar.

Na san abin da ke ɗaure muku baki. Kwangila takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso ga mai yin ta, kowa ya yagi rabonsa, kuɗin hular kwano da safar hannu su ne farkon zubewa a hanya. Kai kuma lebura ne na kuɗin yini, in ka yi magana a ce ga wasu can suna jira a bakin titi. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, akwai hukumar NSITF mai kula da biyan diyyar, amma wanda ba a rubuta sunansa a littafin kowa ba, da wace shaida zai je? Ga zafin bazara da ke sa takunkumi ya zama azaba. Duk wannan gaskiya ne, ban raina shi ba.

Wanda ya fi damuna shi ne na cikinku: ku ga ɗan'uwanku ya rufe hanci ku ce raggo ne, ko ku ce in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma wannan uwar da na ba ku labari, da ta sani, da ba ta sake kusantar turmin nan ba.

Don haka in za ku roƙi takalmi da takunkumi, ku je wurin heluma ku goma, kada mutum ya je shi kaɗai. Ku sa a rubuta sunayenku tun ranar farko. Rami in ya wuce tsayin ƙirji kuma ba a tokare bangonsa ba, kada ku shiga, musamman bayan ruwan sama. Dutse kuwa a jiƙa shi kafin a niƙa, kuma a niƙa shi can bayan gari.

In an tashi aiki, ku yi wanka a can, ku sake riga, ku bar ta aikin a buhu. Yaro zai sheƙo da gudu ya tarye ka a zaure yana miƙa hannu. In ba ka yi wankan ba, ɗana, ka daure ka ce ya jira.