Darasi: Wa Aka Kira Zaman Shawara?

'Yan'uwa, a Satumba 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, bayan an yi ta ba da rancen gidaje ga waɗanda ba sa iya biya. Wahalar ta iso mu: gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40, naira ta yi rauni.

A Afrilu 2009 shugabannin ƙasashen G20 suka taru a Landan, suka yi alkawarin dala tiriliyan 1.1 don farfaɗo da tattalin arzikin duniya. Amma daga nahiyarmu Afirka ta Kudu kaɗai ce mamba. Sai 2023 Tarayyar Afirka ta sami kujera.

Mu tattauna: a ƙungiyoyinmu na adashi, wa asara ta fi taɓawa? Muna kiransa wurin shawara?