Jirgin Ƙasa da Fataken Ƙasarmu

Ni mutumin Darini ne a ƙasar Batsari, inda har yau ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Amma a ɗakin kakata akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, wadda ta ce da ita kakan mahaifina ya hau jirgi zuwa Ikko. Wannan adaka ita ta sa na shiga bin labarin dogo.

A darasin tarihi mun ji yadda Amurka ta haɗa gabashinta da yammacinta da dogo cikin 1869, da yadda Rasha ta fara shimfiɗa nata cikin 1891, mai tsawon fiye da kilomita 9,000. Faransawa ma sun so su ratsa Sahara daga Aljeriya, abin ya gagara. Namu bai kama ƙafar waɗannan ba, don daga Ikko zuwa Kano kamar mil 700 ne. Duk da haka ya sāke wa fataken ƙasarmu alƙibla.

Aikin ya taso ne ta wuri biyu. Na Ikko ya iso Badun cikin 1901, ya kai Jabba cikin 1909. Na Arewa kuwa an fara shi cikin 1907 daga Baro, a bakin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne. Ya bi ta Minna da Zariya, ya shiga Kano cikin 1911. A Minna layukan biyu suka haɗu.

To, yaya tafiyar take? Kakata ta ce surukin nata a ƙasa ya taka daga nan har Kano da jakinsa, ya sayar da jakin, ya yanki tikiti. Turawa da manyan ma'aikata suna taragon gaba mai kujerun laushi. Talakawa kuwa sai bencin katako, ga kaya, ga kaji, ga hayaƙi yana shigowa ta taga har farar riga ta koma toka. Guzurinsa gumba ce da ƙuli-ƙuli. Idan jirgi ya tsaya shan ruwa a tasha, sai a ruga a yi alwala, a yi salla ana sauraron usur.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne Jabba. A lokacin ba a gama gada ba, sai cikin 1916. Saboda haka taragun ake turawa cikin wani babban jirgin ruwa ya ƙetare da su. Wai tsohon ya ce duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta ta. Ni dai ban ga laifinsa ba, mutumin da bai san ruwan da ya wuce na rafin damina ba. A kwana na uku sai ga shi a Ikko yana sayen goro, alhali iyayensa watanni suke yi kafin su kai Gwanja.

A nan ne batun ya shafe mu. Dā can Katsina ƙofar Sahara ce, ayari yana zuwa daga Agadas da Tarabulus. Wannan ciniki dama ya yi rauni, jirgi ya zo ya ƙarasa shi, don hatta Larabawan Kano sun koma aika kayansu ta Ikko. Turawa auduga suka sa rai za a ɗora musu, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, tun daga 1912 ta cika tashar Kano. Da aka ja wani reshe daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau ya bi, ya tsaya Ƙaura Namoda cikin 1929. Birnin Katsina aka bar shi gefe, mu kuma gyaɗarmu sai a kan jaki da raƙumi, daga baya a mota.

Sai cikin 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Da na gaya wa kakata, sai ta ce in ya iso in zo in ɗauki adakar, amma in fara gyara marfin.