Birnin Da Rijiyoyinsa Suke Nutsar Da Shi: Darasi Daga Jakarta



'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau zai kai mu nesa, ƙasar Indunusiya. Duk wanda Allah Ya kai shi aikin Hajji ya san mutanenta: rukuni-rukuni, kaya iri ɗaya, ba hayaniya ba ture-ture. Babu ƙasar da ake ba kujerun Hajji kamarta, sama da 200,000 a shekara. Al'ummarta ta haura miliyan 270, kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi, kuma fiye da rabinsu a cunkushe suke a tsibiri guda mai suna Jaba. A bakin tekun wannan tsibiri birnin Jakarta yake, da mutum sama da miliyan 10 a cikinsa, in ka haɗa da kewaye sun haura miliyan 30. To wannan birni nutsewa yake yi. Ƙasar da aka gina shi a kai ce take sauka, shekara bayan shekara.

A unguwar Muara Baru da ke arewacin birnin akwai wani ɗan masallaci, Wal Adhuna. A da masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ne ke cika sahunsa. Tun farkon shekarun 2000 aka daina salla a ciki, don teku ta shigo. Da hukuma ta zo gina katangar siminti don kare unguwar, sai masallacin ya zama a bayan katangar, ɓangaren ruwa. Ku nemi hotonsa a intanet ku gani da idonku, igiyar ruwa na dukan bangonsa. Ba girgizar ƙasa aka yi ba, ba yaƙi ba.

Za a ce ai ɗumamar yanayi ce, teku na cika. Gaskiya ne tana cika, amma milimita 3 zuwa 4 take ƙaruwa a shekara. A wasu unguwannin arewacin Jakarta kuwa, masana sun auna ƙasa tana sauka har santimita 25 a shekara, taƙi guda ke nan na babban mutum. Yanzu haka kimanin kashi 40 cikin ɗari na birnin ya fi teku ƙasa. Babban dalilin, kamar yadda masanan ƙasar suka daɗe suna faɗa, shi ne rijiyar burtsatse.

Bari in yi bayani a hankali, don nan ne zuciyar darasin. Jakarta a kan laka aka gina ta, lakar da koguna 13 suka yi ta kwasowa daga duwatsu suna jibgewa a bakin teku tun fil azal. Ruwan da ke cikin wannan laka shi ke riƙe da ita. In aka zuƙe shi, sai ta motse, kamar ɗanyar kuɓewa da aka shanya, ga kuma nauyin benaye a kanta yana danna ta. Kuma in ta motse, ta motse ke nan, ko an mayar da ruwa ba ta komawa yadda take. Ruwan sama kuwa suna da shi, ya kusa ninka na Kano sau biyu. Sai dai an shafe ƙasa da siminti da kwalta, an cinye fadamu an yi gidaje, ruwan ba ya samun inda zai nutsa. Sai ya bi titi ya zama ambaliya. Ta ranar 1 ga Janairun 2020 kaɗai ta ci rayuka sama da 60. Kun ji ikon Allah: ruwa na kashe su a sama, rashinsa na nutsar da su a ƙasa.

To me ya kai mutane ga haƙa? Famfo ne bai isa ba. A 1998 aka miƙa ruwan birnin ga kamfanoni biyu masu zaman kansu, suka riƙe shi shekara 25, har zuwa farkon 2023 da hukuma ta karɓe abinta, amma bututu bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na mazauna ba. Kogunan da suka ratsa birnin kuwa ba su shayuwa, sun zama kwata. Mafi yawan ruwan famfon daga dam ɗin Jatiluhur yake zuwa, a kan kogin Citarum, shi kuma wannan kogi masaƙu da marina na yankin Bandung sun yi shekaru suna zuba masa dagwalo, har sai da gwamnati ta sa sojoji cikin aikin tsabtace shi a 2018. Tufafin da ake rinawa a can suna cika kasuwannin duniya, an samu aikin yi, an samu kuɗin shiga, ba mai musun wannan. Kogin ne ya biya.

Saboda haka kowa ya nemi mafita a gidansa. Magidanci ya haƙa tasa, otal ya haƙa, masana'anta ta haƙa mai zurfin da talaka ba zai kai ba. A 2018 hukumar birnin ta binciki manyan gine-gine 80 a tsakiyar gari, aka tarar 56 na da injin zuƙo ruwa nasu, 33 kuma ba bisa ƙa'ida suke zuƙa ba. Talakan arewacin birnin fa? Shi rijiyarsa ta zama gishiri, don ruwan teku ya kutso ta ƙasa. A wurin masu tura jarkoki a baro yake saye, 'yan garuwa sak irin namu, da tsadar da ta ninka kuɗin famfo sau da yawa. Wanda ya fi kowa ƙarancin sha, shi teku ta fara shiga ɗakinsa.

Yanzu ɗaliban ilimi, ku matso. Mutum ya haƙa rijiya a cikin gidansa, da kuɗinsa, don iyalinsa su sha su yi alwala. Wa zai ce ya yi laifi? Amma in mutum miliyan suka yi, gari ya nutse. Ɓarna ta tabbata, ga ta muna gani, amma ka rasa wanda za ka kama. Malaman fiƙihu ba su bar babin nan fayau ba. Sun yi magana a kan haramin rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwanta ba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke masa kamu kaza ba, ma'aunin shi ne cutarwa. Sun kuma yi saɓani a kan wanda ya haƙa a filinsa har ruwan maƙwabcinsa ya ƙafe: wasu suka ce mulkinsa ne, wasu suka ce a hana shi. Amma ku lura, duk maganar tsakanin maƙwabci da maƙwabci ce. Ba su ga injin da zai sauka mita ɗari biyu ya ja ruwan unguwa guda ba. A fahimtata, da zarar masana sun tabbatar ruwan ƙarƙashin gari tafki ɗaya ne kowa ke tsotsa, hukuncin ya tashi daga hannun mai gida ya koma hannun shugaba, kuma yana da ikon ya iyakance halal don kare jama'a.

Sai dai ba a hana mai ƙishirwa rijiya a bar shi haka. Tokiyo, babban birnin Japan, ta taɓa shiga wannan hali, wasu unguwanninta sun sauka sama da mita 4. Daga shekarun 1960 aka tsananta dokar zuƙar ruwa, aka kuma jawo wa masana'antu ruwan kogi ta bututu, zuwa tsakiyar shekarun 1970 saukar ta kusa tsayawa cak. Doka ta ci ne don an ba mutane madadi. Mu ma a tarihinmu, da ruwa ya yi wa mutanen Madina tsada, Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, sayen rijiyar Ruma ya yi ya mayar da ita waƙafi, kowa ya ɗiba.

Malaman Indunusiya ba su yi shiru a kan muhalli ba. Majalisarsu ta fitar da fatawa a 2014 a kan kare namun dajin da ke ƙarewa, a 2016 ta haramta ƙona daji mai jawo ɓarna. Babban masallacinsu na Istiƙlal yana tace ruwan alwala a sake amfani da shi a wasu ayyukan. Madalla. Amma ni dai a ganina, fatawa ba ta shimfiɗa bututu, kuma mai wa'azin da ya tsaya kan yi wa talaka faɗan ɓarnar ruwan buta, ya kasa ɗaga kai ya dubi mai otal da mai ofis, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kada wani ya ce Kano ko Kaduna za su nutse, a kan dutse suke, ba laka ba. Namu salon daban ne. Attajiri ya shigo unguwa ya kira masu injin haƙa, bayan damina biyu rijiyoyin maƙwabta sun ƙafe, su dawo suna layi a famfon da ya saka musu a jikin katanga, suna sa masa albarka. Sadakarsa tana nan, Allah Ya karɓa, amma ya kamata ya tambayi kansa ruwan wa yake sadaka da shi. Abin da majemu suka yi wa kogin Challawa da Jakara kuwa, mutanen Kano ba sa bukatar in ba su labarin Citarum.

Ita gwamnatin Indunusiya, a watan Agustan 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya sanar za a ɗauke babban birni zuwa tsibirin Borniyo, a 2022 aka raɗa wa sabon garin suna Nusantara, sama da kilomita 1,000 daga Jakarta. An sare daji ana gina fada da ma'aikatu. A Jakarta kuma an fara hana manyan gine-gine a wasu yankuna zuƙar ruwan ƙasa, ana ƙoƙarin faɗaɗa bututu, ana ƙara wa katangar teku tsawo. Ministoci za su iya tashi. Masuntan Muara Baru suna nan a bayan katanga, teku na sama da rufin wasu gidajensu idan ta cika.

A darasi mai zuwa, in sha Allahu, za mu ɗauki mas'alar sayar da ruwan burtsatse da abin da malamai suka ce a kan rarar ruwa. Mai tambaya ya ajiye ta kafin nan. Allah ne Mafi sani.