Ga mai neman malamin kanel

Ɗana, na ji kana ta cigiyar wanda zai zaunar da kai ya koya maka rubuta kanel da direbobin da ke sa kwamfuta ta gane firinta ko modem. Madalla da wannan buri. Malamanka na Jami'ar Jihar Gombe, nan Tudun Wada, ka riƙe su da kyau, don a wurinsu za ka ƙware a harshen C da tsarin kwamfuta. Amma masu wannan sana'a ƙalilan ne ko'ina a duniya, kuma aiki ya yi musu yawa. Wasiƙar "ka taimaka ka zama malamina" ba ta cika samun amsa ba.

Ka duba yadda yaron gareji ke samun shiga. Ba ya zuwa ya ce a koya masa sauke inji. Wanke noti yake yi, yana miƙa sifana, har ran da oga zai lura yaron nan ya san lamba goma sha biyu ba sai an nuna masa ba. Daga nan ake fara kiran sunansa.

Linus Torvalds kansa, sa'ad da ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, littafin Andrew Tanenbaum da tsarin Minix ne suka buɗe masa ido. Kai ka fi shi gata. Akwai xv6, ƙaramin tsarin da jami'ar MIT ta Amurka ta rubuta a 2006 don koyarwa, wanda mutum zai iya karance shi kaf. Ka tayar da shi cikin QEMU, domin idan ya ƙage, taga ɗaya ce za ka rufe, kwamfutarka na nan lafiya. Littafin Linux Device Drivers, bugu na uku na 2005, kyauta ne. Ya tsufa, wasu misalansa ba sa aiki yanzu, amma gyara su ma karatu ne.

In hannunka ya faɗa, sai ka leƙa sashen drivers/staging na Linux, wanda Greg Kroah-Hartman ke kula da shi. Direbobi ne da ba su gama nuna ba, da yawansu ɗauke da jerin abin da ya rage a gyara. Ɗauki ɗaya, ka yi ƙaramin faci, ka tace shi da checkpatch.pl, sannan get_maintainer.pl ya faɗa maka wa za ka aika wa. Za a iya dawo maka da shi da layi biyu busassu, ba sallama ba gaisuwa. Kada ranka ya ɓaci, haka al'adarsu take. Wanda ya ɓata lokacinsa ya nuna maka inda ka saki ƙwaƙwalwar da ba ka kama ba, ai ya fara koyar da kai ke nan. Ka gyara, ka gode, ka sake aikawa. In za ka yi tambaya, faɗi wane kanel ne, me ka gwada, me dmesg ya nuna.

Da irin waɗannan faci a hannu ake neman gurbi a shirin horarwa na Linux Foundation da Shuah Khan ke jagoranta, ko Outreachy, don su ma aiki suke fara dubawa.

Sai batun data. Tarihin Linux gaba ɗaya nauyi gare shi, don haka in za ka sauke shi da git, ka sa --depth 1, kuma ka bari sai akwai wuta kafin ka fara harhaɗa kanel ɗin, kada batir ya mutu maka a tsakiya.